Rabin Harafi

Manhaja ba ta sallama idan za ta mutu. Wanda ya saba da Windows ya san ko ba komai akan fito masa da ɗan akwati a ba shi haƙuri, a ce wani abu ya faru. A Linux kuwa, sau da yawa tagar ce kawai za ta ɓace, kamar an ɗauke wuta a ɗaki ɗaya tak a cikin gida. Hoton bango yana nan, agogo yana tafiya, linzami yana motsi, amma abin da kake rubutawa tun bayan la'asar babu shi, babu dalilinsa. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun saba da wannan, har mukan mayar da shi abin raha. Wanda bai saba ba kuwa, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne: me na taɓa?

Tambayar da kawuna ya yi ta yi wa kansa ke nan har mako uku kafin ya gaya mini.

Kawu malamin Hausa ne, ya yi shekara 35 yana koyarwa kafin ya yi ritaya. A shekarun 1980, lokacin yana da ƙarfi da ɗan babur ɗinsa, yakan ɗauki rikoda a lokacin hutu ya shiga ƙauyuka yana hira da masu sana'a: marina, masaƙa, dukawa, maƙera. Kaset-kaset ɗin sun yi shekaru a cikin kwali a ƙarƙashin gado, wasu sun yi fumfuna, wasu zaren ya manne. Waɗanda suka tsira na kwashe su zuwa kwamfuta a cikin wani azumi, 41 suka kama. Burinsa ya mayar da su rubutu ya fitar da littafi tun yana iya ji da kunnensa, domin akwai kalmomin da in ba shi ba, babu mai gane su a cikin shuuu ɗin tsohon kaset.

Kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka tsohuwa ce, ta haura shekara goma. Da Microsoft ta sanar da cewa za ta daina kula da Windows 10 daga 14 ga Oktoba 2025, ga shi Windows 11 ba ta hawa injin da ba shi da TPM 2.0, sai na sa masa Linux Mint. Ya yi ƙorafi kwana biyu ya saba. Na haɗa masa da wata ƙaramar manhaja ta kyauta da aka yi don irin aikinsa: ka danna maɓalli murya ta tafi, ka sake dannawa ta tsaya ta ɗan koma baya, kai kuma kana rubutu a ƙasa. Ba zan faɗi sunanta ba. 'Yan sa-kai ne suka rubuta ta a lokacin da ya kamata su huta, ba wanda ya biya su ko kwabo, kuma ta yi wa Kawu aikin watanni lafiya lau.

Akwai wani tsohon maƙeri da Kawu ya yi hira da shi sau huɗu. Uku na farko sun shiga rubutu ba tare da ko tari ba. Ta huɗun ce ta ƙi. Ba wai da an buɗe ta take faɗuwa ba, da abin ya zo da sauƙi. Wata rana sai ya yi minti ashirin yana rubutu tagar ta ɓace. Wata rana awa guda. Wata rana ya wuni lafiya, har ya ce an rabu da bukar, washegari a haifi habu. Sau biyar yana rasa abin da ya rubuta, kuma mai shekara saba'in da ke buga haruffa da yatsa biyu, shafi guda a wurinsa aikin safiya ne cur.

Da ya kira ni, ba gyara ya nema ba. Sanar da ni ya yi cewa zai tsallake wannan hirar.

"Injiniya," haka yake kirana in zai tsokane ni, amma ran nan babu wasa a muryarsa, "ka san ni ba na camfi. Amma a kaset ɗin nan akwai inda tsohon ya ce in kashe rikoda. Na kai hannu, sai ya ce to bar ta. Daga nan ya faɗi abubuwan da maƙera ba sa faɗa wa wanda ba ɗan gado ba. Yanzu duk sauran sun rubutu, wannan ta ƙi. Ina ganin bai yafe ba."

Ban yi dariya ba, kuma ba don ladabi kawai ba. Hirar ta huɗu ita ce wadda tsohon ya yi bayanin narka tama, wato yadda ake fitar da ƙarfe daga dutse kafin tarkacen mota da na jirgin ƙasa su cika kasuwa su kashe sana'ar. Shi da kansa yana yaro ya gani, bai yi da hannunsa ba sai kaɗan. Ya rasu tuntuni. In Kawu ya tsallake kaset ɗin, to an tsallake ke nan. Na ce masa, "Kawu, ku ba ni mako guda da kwamfutar. In ban gano komai ba, ku yi yadda kuka gani."

Abu na farko a wannan aiki shi ne ka sa manhajar ta mutu a gabanka, kana kallo. Ciwon da ba ya tashi a gaban likita wahalar magani gare shi. Kuma kafin ka tuhumi manhaja, sai ka sallami waɗanda suka fi kama da masu laifi. Tsohon inji a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, zafi ne farkon abin zargi: na buɗe shi na hure fankar, na duba ma'aunin zafi, bai wuce kima ba. Na bar memtest86+ ya kwana yana gwada ƙwaƙwalwar injin gurbi-gurbi, gari ya waye babu kuskure ko ɗaya. Na tambayi rumbun ajiya lafiyarsa da smartctl, ya ce ƙalau. Sai fayil ɗin muryar kansa, tunda daga rubabben kaset ya fito: na sa ffmpeg ya karance shi daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Daga nan na kwafi fayil ɗin zuwa tawa kwamfutar, wadda ba ta kai shekara biyu ba, na sa manhajar, na zauna ina buga shirme ina tsayar da murya ina sakinta. Bayan kusan awa biyu tagar ta ɓace. Na ji daɗi ƙwarai. Laifin ba na injin Kawu ba ne, ba na yatsunsa ba ne.

Manhajar da aka buɗe ta hanyar danna hotonta, in ta yi magana a bakin mutuwa ba mai ji, sai dai a je a tono a kundin tsarin. Amma in ka buɗe ta daga taminal, baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, duk abin da ta faɗa a nan zai zauna. Haka na yi, kuma da ta sake faɗuwa ta bar layi biyu:

corrupted size vs. prev_size
Aborted

A Linux, mutuwar manhaja iri-iri ce, kowace da lambarta. Wadda aka fi sani ita ce sigina ta 11, SIGSEGV: manhaja ta kai hannu wani yanki na ƙwaƙwalwa da ba nata ba, kanel, wato zuciyar tsarin, ya kama ta ya kashe nan take. In ka tambayi taminal yadda ta ƙare zai ce 139, wato 128 a tara da 11. Tamu ba ita ba ce. Tamu 134 ta bayar, sigina ta 6, SIGABRT, wadda ke nufin ba kashe ta aka yi ba, ita ce ta ga abin da ya sa ta ce gara a tsaya.

Ga yadda abin yake. Manhajar da aka rubuta da harshen C, duk sanda take son wurin ajiye wani abu, sai ta roƙi wani mai rabon fili da ake kira malloc, ta ce a yanka mata gurbi kaza. Shi kuma ya yanka, ya kafa alama a kan iyaka, ya rubuta girman filin a jikin alamar. In an gama da fili a mayar masa, ya duba alamomin ya haɗe shi da na maƙwabta in su ma babu kowa a ciki. Saƙon nan na sama kukan mai rabon fili ne: awon da ke jikin wannan alama bai yi daidai da na maƙwabciyarta ba. Wani ya ci iyaka, ya yi noma har kan alamar. Mai rabo bai san wane ne ba, bai san yaushe ba. Abin da ya sani kawai shi ne littafinsa ya daina zama abin dogaro, kuma ci gaba da rabo a haka ɓarna zai ƙara.

Lokacin da manhaja ta mutu, tsarin zai iya adana hoton duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a wannan daƙiƙa. Turawa na kiransa core dump, sunan da ya samo asali tun shekarun 1950 da 1960, sanda ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ƙananan zobban maganaɗisu da aka saƙa a waya. Zobban sun tafi, sunan ya zauna. Na sa systemd-coredump ya riƙa tara mini waɗannan gawarwaki, na buɗe su da gdb, abin binciken da Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986 kuma har yau shi muke ɗauka. Umarni ɗaya, bt, yakan jero maka sawun manhajar: wannan aiki ne ya kira wancan, wancan ya kira wancan, har zuwa inda aka faɗi.

Na tara gawa uku a kwana biyu. Ta farko ta faɗi wurin zana igiyar murya a allo. Ta biyu wurin rufe ɗan akwatin bincike. Ta uku, abin haushi, wurin ajiye rubutu, wato daidai lokacin da take ƙoƙarin ceton aikin mutum. Wuri uku, babu abin da ya haɗa su. Sabon shiga zai bi kowane ɗaya ya yi ta tono, ya ƙare da zargin masu zanen allo ko direban sauti. Amma bambancin nasu shi ne shaidar. Waɗannan duka bayin Allah ne da suka zo mayar da fili suka tarar da alama a karye. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Wanda ya karya alamar ya yi aikinsa tun da daɗewa ya wuce, mai yiwuwa tun awa guda kafin a faɗi.

Don irin wannan aka yi Valgrind, wanda Julian Seward ya fitar a 2002. Shi ba ya jiran a faɗi. Yakan ɗauki manhajar ya tafiyar da ita a cikin wani inji na ƙarya, yana duba kowane karatu da kowane rubutu da ta yi a ƙwaƙwalwa, ko a cikin filinta ne ko a waje. Kuɗinsa shi ne nauyi: komai yakan yi sanyi ninki goma zuwa hamsin. Muryar tsohon maƙerin ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Amma ban ma buƙaci sauraro ba. Ina buɗe fayil ɗin, tun kafin in danna komai, sai ga rahoto: an karanta bayit ɗaya a wajen iyaka, daf da ƙarshen wani fili mai gurbi 64. Ga sunan aikin da ya yi karatun, ga lambar layi.

Daɗin manhajar da asalin rubutunta yake a buɗe ke nan. Na sauko da shi na je layin. Ba ruwansa da murya ko kaɗan. Wurin da ake ɗaukar sunan fayil ne a gajarta shi don ya shiga saman taga da jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan. Marubucin ya ware gurbi 64, ya ce a zuba sunan a ciki, in ya yi tsawo a datse.

Kawu malami ne, ba ya sa wa fayil suna irin namu na "hira4". Jimla yake rubutawa. Sunan wannan shi ne:

Hira ta huɗu da tsohon maƙeri a kan yadda ake narka tama da ƙera garma

Na ba wc sunan na ce ya ƙirga haruffa, ya ce 70. Na ce ya ƙirga bayit, ya ce 73. A cikin wannan ukun da ta yi rara maganar take.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da Amurkawa suka fitar a 1963 ya ba alamomi 128 lamba, kowace tana shiga bayit ɗaya, kuma an yanka shi ne daidai jikin Ingilishi. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Da aka zo yin Unicode, wanda ke son ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa, namu sun samu shiga tun farkon shekarun 1990: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, sai ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y, U+01B4. Saura yadda za a ajiye waɗannan manyan lambobi ba tare da an rushe duk abin da aka gina a kan ASCII ba. A watan Satumba na 1992 Ken Thompson, yana tare da Rob Pike a wani gidan cin abinci a New Jersey, ya zana dabarar da ake kira UTF-8 a kan takardar da ake ɗora faranti. Haruffan Ingilishi su zauna a bayit ɗaya yadda suke. Sauran su ɗauki biyu, uku ko huɗu, kuma bayit na farko shi zai faɗi nawa ne ke biye da shi. Dabara ce mai kyau, ita ce ke riƙe da kusan duk intanet a yau. A cikinta ƙ bayit biyu ce, C6 da 99. C6 yana cewa: ni da na bayana abu ɗaya ne.

Shi kuma harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, ba ya rubuta tsawon jimla a ko'ina. Sifili yake sawa a ƙarshe, duk mai karatu ya yi ta tafiya har ya taka sifilin ya tsaya. Saboda haka fili mai gurbi 64 yana ɗaukar bayit 63 ne na suna, na ƙarshen na sifili ne.

Na ɗauki biro na ƙirga a takarda, don ina son in gani da idona. Bayit na 60, 61 da 62 su ne "da" da tazarar da ke bayanta. Na 63 shi ne C6, rabin farko na ƙ ɗin "ƙera". Rabi na biyun bai samu wuri ba, sifili ya zauna a mazauninsa. An datse harafin a tsakiya.

Wannan kaɗai ba zai kashe kowa ba. Amma akwai aiki na biyu da ke bin gajeren sunan harafi-harafi yana kwafe shi zuwa wani filin, shi ma mai gurbi 64. Wannan aikin ya san UTF-8, kuma saninsa ne ya kai shi. Da ya iso C6 sai ya ce harafi mai bayit biyu ne, ya yi taku biyu a haɗe. Ya tsallake sifilin bai taka shi ba. Yanzu yana wajen fili, yana neman alamar tsayawa da ya riga ya bari a baya, yana kwasar duk abin da ya tarar yana zubawa a ɗaya filin. In an yi sa'a abin da ke bayan iyaka sifili ne, sai ya tsaya nan take, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Haka yakan kasance in an buɗe manhajar da safe, ƙwaƙwalwa tana sabuwa fil. Amma manhajar tana sake gina wannan suna duk sanda ta sabunta saman taga, kuma bayan an daɗe ana aiki, ana karɓar filaye ana mayarwa, wurin yakan cika da ragowar tsofaffin abubuwa. Ran da ya tarar da irin wannan, sai ya yi ta kwasa har ya cika filin da yake zubawa ya haura kan alamar maƙwabci. Daga nan sai jiran wanda tsautsayi zai kawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne da na jera sunayen hirarrakin huɗu. Ta farko ba ta da lamba, don a lokacin Kawu bai san za a yi ta biyu ba, sai datsewar ta faɗa a cikin "garma", inda babu ƙugiya. Ta uku ta faɗa bayan "ƙe". Ta biyu kuwa da ƙyar ta sha: ƙ ɗinta ta zauna a 62 da 63, ta shige cif. "Biyu" harafi huɗu, "huɗu" harafi huɗu, sunayen biyu duk haruffa 70 ne, ido ba zai taɓa ganin bambanci ba. Ƙugiyar ɗ ta "huɗu" ce ta tura komai gaba da bayit ɗaya, ta ajiye ƙ ɗin "ƙera" a bakin wuƙa.

Na ba wani abokin aikina labari, muna shan shayi. Ya ce, "To ai shi ke nan, ya cire ƙugiyar mana. Ya rubuta kera. Wa zai kasa ganewa?" Gaskiya ne, da an yi haka manhajar ba za ta sake faɗuwa ba. Kuma abin da muka saba yi ke nan. Tun a shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya a rubutun boko, da su aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, amma kusan duk injin da ya zo bayan nan sai da muka rusuna masa. A zamanin tafireta, Kawu ya ce sai an gama buga takardar jarrabawa sannan a bi da biro ana lanƙwasa kan kowace k da d da b. Da kwamfuta ta zo, aka koma buga q da x da v a madadinsu, a ɗora salon rubutun da zai nuna su da ƙugiya, irin Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Wannan ya yi wa Hausa hidima sosai a lokacinsa, sai dai duk wanda ya taɓa buɗe irin fayil ɗin a injin da babu salon ya ga "qasa" da "xaya" da "varawo". Wayar salula ta zo, aka yar da ƙugiyar gaba ɗaya, baki da baƙi suka zama ɗaya, kafa da ƙafa, kasa da ƙasa, mai karatu ya yi ta canka. Yau kowace wayar Android tana iya buga ƙ, amma hannu ya riga ya saba.

Ba na cikin masu ganin an ƙulla wa Hausa wani makirci a nan. Wanda ya rubuta layin nan bai san da mu ba, balle ya ƙi mu. Harafin é na Faransanci bayit biyu ne, ü na Jamusanci haka, haruffan Larabci da na Rashanci duk haka. Kowannensu zai iya faɗawa wannan rami. Da na shiga rumbun ƙorafe-ƙorafen manhajar ma na tarar da wani tsohon rahoto, na wani da hoton allonsa ya nuna sunayen fayilolinsa da Rashanci suke, yana cewa tana mutuwa haka kawai. An tambaye shi yadda za a maimaita abin, ya kasa, aka rufe. Bai gano dalili ba, amma ya bar sawu. Abin da na lura da shi a shekarun da na yi a wannan aiki shi ne mu ko sawun ba ma bari. In inji ya yi tuntuɓe da harafinmu, harafin muke ba laifi, mu cire shi mu wuce, ramin ya zauna yana jiran na baya. Masu gyara kuwa abin da aka kawo musu suke gyarawa.

Na mayar wa Kawu kwamfutarsa ranar Asabar, da takardar da na yi ƙirga a kai. Na yi masa bayani da gona da iyaka, ya saurara yana gyaɗa kai, ya karɓi takardar ya bi lambobin da yatsa har zuwa 63.

"Wato ƙa ɗin aka raba biyu."

"Ita aka raba, Kawu."

"Ikon Allah. Shekara talatin da biyar ina zagaye wa yara ita da jan biro." Ya ɗan yi shiru. "Kada ka ce mini in cire ta."

Na ce ba sai an cire ba. Muka mayar da "ta huɗu" ta koma "ta 4", datsewar ta koma bayan "ƙera", inda ba ta cutar da kowa. Na kuma rubuta ɗan umarni da ya bi sunayen fayil 41 ɗin yana duba bayit na 63 na kowanne, ya fito da wasu biyu da ke jiran ranarsu, ɗaya na marina, ɗaya na wata mai saƙar faifai.

Gyaran na gaskiya layi shida ne. Bayan an datse suna, a sa g_utf8_validate, wanda ke cikin GLib da manhajar ta riga ta dogara da shi, ya nuna inda lafiyayyen rubutu ya ƙare, a ja sifilin baya zuwa nan. Rubuta rahoton ya fi gyaran cin lokaci, don ina son wanda bai taɓa jin Hausa ba ya ga abin cikin minti biyu. Na haɗa fayil na daƙiƙa ɗaya wanda babu komai a ciki sai shiru, na sa masa sunan nan na Kawu harafi da harafi, na liƙa abin da Valgrind ya faɗa, na nuna tsohon rahoton mai Rashanci na ce ina jin ciwo ɗaya ne. Bayan kwana tara mai kula da manhajar ya amsa, ya yi godiya, ya karɓi gyaran, ya tambayi wane harshe ne wannan mai k da lanƙwasa a ka. Kafin gyaran ya iso kwamfutocin mutane ta hanyar da aka saba zai ɗau lokaci, domin Mint daga Ubuntu take ɗibar yawancin manhajojinta, Ubuntu kuma daga Debian. Saboda haka na harhaɗa gyararriyar da kaina na ɗora wa Kawu, muka mayar da "huɗu" mazauninta.

Ya gama rubuta hirar cikin kwana goma sha ɗaya, shafi 26. Na karanta. Akwai ginin murhun, da irin gawayin ƙirya da ake so, da yadda ake karɓa-karɓa a kan zugazugi dare guda, da sunayen abubuwan da ban taɓa ji ba ko a bakin tsofaffin gidanmu. Amma a shafi na 19 akwai layi ɗaya da ya ce an tsallake minti shida. Na tambaye shi ko kaset ɗin ne ya lalace a nan.

Ya ce a'a. Ya rubuta minti shidan, suna cikin wani fayil dabam. "Ka nuna mini abin da ya kashe inji, na kuma yarda. Amma ba ka nuna mini tsohon ya yafe ba." Ya samu labarin akwai ɗan maƙerin guda da ya rage, yana walda a wani gari kusa da ƙauyen. In an gama girbi hanya ta yi kyau zai je ya kunna masa kaset ɗin ya ji ta bakinsa, kuma ya ce ni zan tuƙa shi.